Gidan Giya da Motar Tasi: Wanne Ne a Hannun Ƙaramar Hukuma a Ingila?

A Ingila, in ban da Landan, ofishin ƙaramar hukuma da ke bayar da izinin sayar da giya har tsakar dare shi ne dai yake bayar da izinin tuƙa tasin da za ta kwashe mashaya ta kai su gida. Ma'aikatan su ne su, kansilolin ma kusan su ɗin ne, sau da yawa a zaure ɗaya ake zaman sauraron ƙorafi. Ba banza aka haɗa ayyukan biyu ba. Rigimar da ta tashi a gidan giya da ƙarfe ɗaya na dare a bakin titi take ƙarewa da ƙarfe uku, kuma direban da ya tsaya jiran fasinja shi ne yake kwasar ragowarta. Sai dai dokokin da aka ɗora ayyukan a kansu ko kusa ba su yi kama ba. Wanda ya karanta su a takarda zai rantse direban tasi yana tafin hannun hukuma, mai gidan giya kuwa an sakar masa mara. Wanda ya tsaya a bakin titi daren Asabar zai ga abin ya juye.

Shekara da shekaru alƙalan majistare ne suke bayar da lasisin giya. Ƙa'idar rufewa da wuri kuwa tun Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gaje ta, lokacin da gwamnati ta ji tsoron ma'aikatan masana'antun makamai za su sha su kasa fitowa aiki. A garin Carlisle ma gwamnati da kanta ta karɓe gidajen giya a 1916, ta yi ta gudanar da su har farkon shekarun 1970. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne ƙararrawar ƙarfe 11 na dare. Ana gab da lokacin sai a kaɗa ta, kowa ya ruga ya sayi na ƙarshe ya kwankwaɗe a gurguje, sannan gari guda ya fito titi lokaci ɗaya, a buge, ana rububin tasi 'yan kaɗan. A layin jiran mota da ƙofar masu gashin nama ake yin yawancin dambacewar. Gwamnatin Tony Blair ta kafa hujja da wannan ta kawo dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales ranar 24 ga Nuwamba 2005. Dokar ta karɓe aikin daga hannun majistare ta miƙa wa ƙananan hukumomi, ta kuma soke lokacin rufewa na bai ɗaya, da fatan in kowane gida ya rufe a lokacinsa, mutane za su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan.

Yadda ake samun lasisin ba wani wahala. Mai nema zai cike takarda, ya faɗi sa'o'in da yake so da matakan da zai ɗauka, ya aika wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an tsaftar muhalli da masu kula da yara. Sai ya manna sanarwa a takarda mai ruwan shuɗi-shuɗi a jikin tagar ginin, inda mai wucewa zai iya karantawa, ta kwana 28 a wurin. Duk wanda ya zaga titunan biranen Ingila ya sha ganin irin wannan takarda, ruwan sama ya jiƙa gefenta, rubutun ƙanana, ba mai tsayawa ya duba sai maƙwabcin da ya taɓa ɗanɗana hayaniyar dare. In kwanakin suka cika ba wanda ya yi ƙorafi, ƙaramar hukuma ba ta da zaɓi, dole ta bayar. Ko da titin ya riga ya cika da gidajen giya, ko da kansiloli duk ba sa so. Lasisin kuma ba ya ƙarewa. Muddin ana biyan kuɗin shekara, yana nan. Kuɗin nema ma ba ita take yankewa ba. Gwamnatin tsakiya ce ta tsayar da shi a 2005, daga fam 100 zuwa fam 635 gwargwadon darajar ginin, ana ninka wa manyan gidajen da sha ne tsantsar sana'arsu, aka kuma shafe kusan shekara ashirin ba a taɓa shi ba.

In an samu ƙorafi, kansiloli uku za su zauna su saurara, amma a kan abu huɗu kawai: hana laifi da tashin hankali, tsaron lafiyar jama'a a wurin, hana damun maƙwabta, da kare yara. Duk abin da ya fita daga waɗannan ba a sauraronsa. Limamin da zai zo ya ce giya haramun ce, ko fasto ya ce zunubi ce, za a gode masa a ajiye takardarsa gefe. In masallacin unguwa yana so a ji shi, sai dai ya yi maganar ihu da ƙarfe biyu na dare, da fitsari a bakin ƙofa, da fasassun kwalabe a hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Hatta illar da giya ke yi wa hanta ba hujja ba ce a Ingila, ko da yake Scotland ta sa kiwon lafiyar al'umma ya zama na biyar a tata dokar.

To, yanzu a dubi direba. Dokar tasin da ake tsayarwa a titi a wajen Landan ta 1847 ce, tun zamanin keken doki, kuma har yau da ita ake aiki. Ta motocin shata, waɗanda sai an kira su ta waya ko manhaja, ta 1976 ce. A duka biyun, ƙaramar hukuma ba za ta bayar da lasisi ba sai ta gamsu cewa mai nema mutumin kirki ne da ya cancanci a damƙa masa amanar fasinja, kuma nauyin gamsarwar a kansa yake. Za a tono tarihinsa a rumbun 'yan sanda, har laifin da ya daɗe da wucewa, har zargin da bai kai ga hukunci ba. Likita zai duba shi da ma'aunin da ake duba direbobin tirela. A wurare da yawa zai zauna jarrabawar Turanci da ta sanin hanyoyi, ya halarci horon kare yara da masu rauni, ya nuna takardar izinin aiki a ƙasar. Motar tana da nata gwajin daban, wasu garuruwan har launi da shekarunta sun ƙayyade. A Landan, inda hukumar sufurin birnin ce ke da wannan aiki, mai son tuƙa baƙar tasi sai ya haddace hanyoyi 320 da dubban tituna a da'irar mil shida daga Charing Cross, karatun da yakan ci shekara uku zuwa huɗu, wanda aka faro tun 1865.

Bayan duk wannan, lasisin shekara uku ne, a sake sabo. Ƙa'idojin da ma'aikatar sufuri ta fitar a Yulin 2020 sun ce a riƙa duba tarihin direba duk wata shida, sun kuma ba kansiloli tambaya guda da za su yi wa kansu: shin za ka yarda wani naka da kake ƙauna ya shiga motar mutumin nan shi kaɗai, ko da rana ko da dare? In akwai kokwanto, a hana. Direban da aka kai ƙararsa kan abin da ya shafi lafiyar fasinja ana iya dakatar da shi a ranar, ya tafi kotun majistare ɗaukaka ƙara motarsa na fake a ƙofar gida, kuɗin haya na jiransa.

A nan akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A biranen Ingila da dama, masu tuƙa tasin dare baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, 'yan Pakistan da Bangladesh da Somaliya da Afirka ta Yamma, da yawansu Musulmi da ko ɗanɗana giya ba su taɓa yi ba. Gidan giya ya sayar ya karɓi kuɗinsa, masu gadin ƙofa sun tura bugagge waje, shi ke nan sun gama nasu. Direba ne zai ɗauke shi, ya sha zagi, wani lokaci a gudu da kuɗinsa, wani lokaci a yi masa amai a kujerar baya, ya rasa sauran cinikin daren yana wanki. Doka ta haramta sayar wa wanda ya riga ya bugu, amma da ƙyar ake gurfanar da wani a kai. Masu bincike na wata jami'a a Liverpool sun taɓa tura 'yan wasan kwaikwayo suna tangaɗi kamar sun yi tatul, aka sayar musu a fiye da takwas cikin kowane gwaji goma. Da direbobin tasi ne aka kama suna karya wata ƙa'ida da irin wannan yawa, da tuni an kwashe lasisinsu.

Duk da haka ba zan ce tsaurin da ake yi wa direba zalunci ba ne. Gidan giya wuri ne mai fitila, da jama'a, da kyamara, da masu gadi masu nasu lasisin. Tasi kuwa ƙofa ce a rufe, mutum biyu, ɗaya yana riƙe da sitiyari, ɗayan wataƙila bai san inda kansa yake ba. John Worboys baƙar tasi yake tuƙawa a Landan da cikakken lasisi. Yakan ɗauki mata da dare, ya ce ya ci caca, ya miƙa musu giyar da ya zuba wa ƙwaya su taya shi murna. A 2009 aka same shi da laifin cin zarafin mata 12, 'yan sanda kuma suna ganin sun haura 100. A garin Rotherham, rahoton Farfesa Alexis Jay na 2014 ya ƙiyasta cewa yara aƙalla 1,400 aka lalata tsakanin 1997 da 2013, ya kuma nuna yadda aka yi ta amfani da tasi wajen jigilar su. Rahoton bai ɓoye ba cewa akasarin waɗanda aka san sun aikata 'yan asalin Pakistan ne, abin da ya shafa wa dubban direbobin da ba su ji ba ba su gani ba kashin kaji. Shekarar da ta biyo baya wata babbar jami'a, Louise Casey, ta fitar da rahoton binciken da ta yi wa ƙaramar hukumar, gwamnati ta karɓe ragamarta ta naɗa kwamishinoni. Rotherham ta tsaurara dokarta, ta wajabta kyamara a cikin kowace tasi. Direbobi sun yi zanga-zanga, amma aka tsaya kai da fata.

Daga nan ne lissafin ya fara karkacewa. Dokar motocin shata cewa ta yi direba da mota da kamfanin da ya karɓi kiran su kasance da lasisin hukuma ɗaya. Ba ta ce dole su yi aiki a yankin wannan hukuma ba. Da can wannan bai dami kowa sosai ba, domin ofishin kiran tasi ɗan shago ne a unguwa, da rediyon oba-oba, motocinsa ba sa nisa. Sai manhajar waya ta zo, sai kuma wata doka ta 2015 ta ba kamfani damar miƙa kiran da ya karɓa ga wani kamfani mai lasisin wani gari. Shi ke nan, direban da ya ga sharuɗɗan garinsu sun yi tsada ko sun yi tsauri, sai ya nemi lasisi a wani gari ya dawo ya ci gaba da aiki a titunan da ya saba. Rotherham ta zama kamar mai gadin da aka ba ƙaton kwaɗo ya datse ƙofa, alhali katangar gidan a zube take: motocinta na da kyamara, motar da ke fake kusa da su mai lambar wani gari ba ta da ita, kuma duk fasinja ɗaya suke ɗauka.

Garin da ya yi suna a wannan harka shi ne Wolverhampton. Birni ne mai mutum dubu 260 da 'yan kai, amma ya bayar da lasisi ga dubun dubatar direbobi, mafi yawansu ba a can suke zaune ba. A Manchester, tafiyar fiye da kilomita 100, in ka bi layin motocin da ke jiran fasinja kana duba ɗan allon lasisin da ake mannawa a bayan mota, ba za ka yi nisa ba ka ci karo da sunan Wolverhampton. Andy Burnham, a matsayinsa na magajin yankin Manchester, ya sha kokawa cewa kusan rabin motocin shatar da ke aiki a yankin lasisin waje gare su.

Ya kamata a yi wa Wolverhampton adalci. Hukumarta cewa take doka ba ta ba ta damar korar mai nema don ba ɗan gari ba ne, kuma bincikenta ba ya ƙasa da na kowa. Ta dai mayar da aikinta kan intanet, ta yi sauri, kuɗinta ya yi sauƙi. Direban da ke da iyali, aka ce masa ya jira watanni a garinsu ko ya samu cikin makonni a can, ban ga laifinsa ba in ya tafi. Matsalar tana wurin sa ido. Jami'in ƙaramar hukumar Manchester da ya ga mota mai lambar waje da sanƙon taya ba shi da ikon dakatar da lasisinta, sai in an yi yarjejeniya ta musamman tsakanin hukumomin biyu. Kuɗin lasisin ya tafi wani gari, wahalar sintiri ta rage a wannan. Fasinjan da aka ci wa mutunci kuma zai kai kukansa ofishin da bai taɓa jin sunansa ba. Har ta kai a da direban da aka ƙwace wa lasisi a gari ɗaya yakan je wani ya samu sabo ba a sani ba, sai da dokar 2022 ta tilasta wa hukumomi rubuta sunayen waɗanda aka hana ko aka ƙwace wa a rumbu guda, su kuma duba shi kafin su bayar.

Gidan giya kuwa ba shi da taya. Lasisinsa a jikin ginin yake, ginin kuma a titin da kansila yake neman ƙuri'a. Samunsa da sauƙi, amma daga ranar da aka buɗe, duk maƙwabcin da aka hana barci zai iya neman a sake duba shi. In an yi mummunan laifi a wurin, babban jami'in 'yan sanda zai nemi zaman gaggawa, cikin awa 48 kansiloli su yanke matakin wucin gadi, har da rufewa. Suna iya rage sa'o'i, su ƙara yawan masu gadi, su hana kofin gilashi, su cire manajan da ke kula da sayarwa, ko su soke lasisin ɗungurum. A Satumbar 2016 ƙaramar hukumar Islington ta soke lasisin Fabric, ɗaya daga cikin shahararrun gidajen rawa na Landan, bayan matasa biyu 'yan shekara 18 sun mutu sanadiyyar ƙwaya. An yi ta ce-ce-ku-ce, masoya gidan suka tara kuɗin shari'a, amma bai sake buɗewa ba sai a Janairun 2017, bayan ya amince da sababbin sharuɗɗa 32. Fabric ba shi da halin cewa bari in je Wolverhampton in karɓo takarda. Haka kuma a unguwannin da gidajen giya suka yi katutu, irin Soho da ke Landan, hukuma na iya ayyana cewa wurin ya cika, sai nauyi ya koma kan sabon mai nema ya nuna ba zai ƙara wa Barno dawaki ba.

Ba duk makaman da aka ba su ne suka yi aiki ba. Dokar 2011 ta ba da damar ɗora harajin dare a kan masu sayarwa tsakanin ƙarfe 12 da 6 na safe, aƙalla kashi 70 cikin 100 ya tafi ga 'yan sanda. Newcastle ce ta fara a 2013, 'yan tsirarun hukumomi suka bi, wasu ma irin Cheltenham suka dawo suka soke. Ikon hana sayar da giya bayan tsakar dare a yanki guda kuwa, Blackpool ta duba shi ta fasa. Masu gidajen rawa suna kukan an matse su har sana'ar na mutuwa, mazauna unguwa suna kukan an bar su da hayaniya. Amma dukkansu sun san zauren da za su je su yi wannan gardama, da mutanen da za su kalla ido da ido.

Mai karatu a Najeriya zai ga ɗan kama a nan. Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa lasisin sayar da giya da kula da tashoshin mota cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a Kano da aka zo batun 'yan adaidaita sahu, hukumar jiha ce, KAROTA, take yi musu rajista. Abin hawan da zai tashi daga Fagge ya ratsa Dala ya sauke fasinja a Kumbotso ya fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma ɗaya.

A Ingila ma an daɗe da gane haka. Hukumar gyaran dokoki ta ba da shawarar ma'auni ɗaya na ƙasa tun 2014. Kwamitin da Farfesa Mohammed Abdel-Haq ya jagoranta ya maimaita a 2018, ya ƙara da cewa kowace tafiya ta fara ko ta ƙare a yankin da ya bayar da lasisi. A Yunin 2025 Louise Casey ta sake fitar da rahoto kan lalata da yara, a ciki ta ce a toshe wannan kafa ta karɓo lasisi daga wani gari ba tare da ɓata lokaci ba, gwamnati kuma ta ce ta karɓa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin shawarar farko da wannan.

Ni dai a ganina lasisin gidan giya ya zauna inda ya dace. Kansilan unguwa ne ya san titin da ke da gidan tsofaffi da wanda ba kowa sai ofisoshi, shi ya kamata ya ce wannan ya rufe ƙarfe 12, wancan ya kai huɗu. Abin da ya rage a ƙara masa shi ne ikon yanke kuɗin lasisi, da 'yan sandan da za su riƙa kama masu ɗura wa bugagge. Tasi kuwa a karɓe ta daga hannun ƙananan hukumomi fiye da 250 masu ma'auni daban-daban. A yi sharaɗi ɗaya ga kowane direba a ƙasar, kyamara a kowace mota don kare fasinja da direban kansa, a kuma ba jami'in kowane gari ikon tsayar da duk motar da ya gani a titinsa, ko lambar ina ce a bayanta.